Shekarar da Na Karɓi Mujalla Daga Hannun Goni Kyari

Kun taso a Gure kuna jin ana cewa ubanku ne ya ture malaminsa daga kujera. An faɗa muku a lakol wurin karatu, an faɗa muku a bakin famfo, kuma na san ranar da Hadiza ta dawo daga gidan suna tana kuka ta ƙi gaya wa kowa dalili, wannan maganar ce aka jefe ta da ita. Ban taɓa wanke kaina a gabanku ba. Yanzu wadda ta ɗaure mini baki da wanda aka ɗaure shi dominsa duk sun kwanta dama, ni ma idanuna sun fara gajiya da karatu, don haka bari in faɗa muku yadda abin ya faru.

Goni Kyari Babarbare ne, dogo, mai ƙaramar murya, wanda idan yana magana dole mutum ya matso. Ya yi karatu a Borno, ya wuce gabas ya daɗe, ya dawo da wani fanni da ba kowane malami ke son taɓawa ba, wato ilmin kalam: binciken tauhidi da hujjar hankali. A zauren gidansa ya kafa mujallar da ya raɗa wa suna Guga. Wanda ke neman fatawar gado ko hukuncin azumi bai samun komai a cikinta. Tambayoyinta su ne irin waɗanda ke hana mutum sukuni: idan Allah ya san abin da bawa zai aikata tun kafin a halicce shi, ina zaɓin bawan yake? Me ya sa jariri ke shan azabar ciwo alhali bai yi laifi ba? Ina iyakar inda hankali zai kai shi kaɗai? Ana rubutu a cikinta da Larabci da Faransanci da Hausa, a buga ta a Damagaram, a aika Yamai da Kano da Maiduguri. Malaman jami'a kan yi mamaki su ce yaya aka yi irin wannan abu ke fitowa daga garin da rairayi ke cin katanga. Ni a lokacin mushe ne, wato malamin makarantar boko, ina koyar da Larabci a lise, babbar sakandare, kuma ni ne mataimakinsa. Tun ina saurayi nake zaune a gabansa. Ɗansa Bukar abokina ne na ƙuruciya, tare muka sha duka a kan satar dabino a kwarin ubansa, kuma shi ya yi mini babban aboki ranar auren mahaifiyarku. Daga baya fatauci ya kai shi Agadas ya zauna can.

A garin akwai wasu matasa masu wa'azi da lasifika da ke ganin kalam ɓata ne. Duk fitowar Guga sai sun saya, su zauna su bi ta layi-layi suna neman inda Goni zai yi tuntuɓe. Shekaru suna nema ba su samu ba, domin Goni bai taɓa sakin jimla ba sai ya juya ta ya ga bayanta.

Da bazarar shekarar da abin ya faru na fara lura da wasu abubuwa. Zai tambaye ni ko maƙalar wane ta iso, in ce ta iso, mu sha shayi, ya sake tambaya. Wata rana ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ban yi wayo ba. Na ce a raina zafi ne da gajiya. Sai ya miƙo mini sharhin buɗe mujalla, wanda shi ke rubutawa a kowace fitowa, a kan sanin Allah. Na zauna a inuwar ɗakin malamai ina karantawa. Farkonsa Goni ne sak, tsaf kamar yadda ya saba. Da na kai tsakiya sai na ga abin ya sauya. Ya kawo maganar masu cewa Allah bai san abu ba sai bayan ya auku, maganar da ya ƙare rayuwarsa yana rushewa, amma bai ce "sun ce" ba, bai kuma kawo raddi ba. Ya rubuta ta a matsayin abin da shi ya tsaya a kai, ya rufe da addu'a, ya sa hannu.

Na koma wurinsa da la'asar, na durƙusa, na nuna masa wurin.

"Allah ya gafarta Malam, ina jin wani shafi ya faɗi a nan."

Ya karɓa ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. Ya ɗago.

"Babu abin da ya faɗi. Me ka gani?"

"Malam, wannan ai maganar waɗanda kake yi wa raddi ce."

"Abdu, yaushe ka fara gyara mini tauhidi?"

Bai taɓa yi mini magana da irin wannan muryar ba. Na ba shi haƙuri, na karɓi takardun na fito. A soro na biyu na tarar da matarsa, Ya Falmata, tsaye da tsintsiya a hannu, ba shara take ba. Ta yi mini alama da kai, na bi ta bayan rumbu inda ba a jin magana.

"Ka gani ko?"

"Na ga wani abu, Ya."

"Ni na daɗe ina gani. Ranar Juma'a ya tafi kwari duba dabino bai dawo ba. Na bi sawu na same shi zaune a kan tudu, ya ce mini wai an ɗauke garin daga inda yake. Jiya ya tambaye ni ko uwarsa ta ci abinci."

Ta goge ido da bakin mayafi. Na ce gigin tsufa ne, ba abin kunya ba ne, sai mu gaya wa ƴan kwamitin mujalla, su Alhaji Isufu, su san abin yi. Ta kama hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka gaya wa Alhaji Isufu ka gaya wa kasuwar Gure. Gobe yara za su bi shi suna cewa mahaukaci. Masu lasifika su ce dama can hauka yake rubutawa, Allah ne ya tona shi. Duk abin da ya rubuta tun yana da ƙarfinsa sai a haɗa a zuba a rami ɗaya. Abdu, ni na goya ka ranar da uwarka ta kwanta ciwo. Ka rufa masa asiri. Ko Bukar ban gaya wa ba."

Na yi mata alkawari. Na ba ta takardun, ta cusa su a murhu ina kallo.

Mun ɗauka zai manta. Ya manta da takardun, amma bai manta cewa shi ne shugaba kuma sharhi na jiransa ba. Ya sake rubuta wani, wanda ya fi na farko muni. Ya Falmata ta ɓoye shi, ya sake wani. Wata safiya ta aiko a kira ni daga aji, na fita a guje na same shi a tasha, ya shiga motar Damagaram da jakarsa a cinya, zai kai wa maɗaba'a da kansa. Da ƙyar na lallashe shi ya sauko, na ce masa sauran maƙalun ba su kammala ba. A hanyarmu ta komawa, yana tafe yana gaisawa da mutane cikin natsuwa, kowa na rusuna masa, na gane cewa muddin sunansa na kan kujerar nan, wata rana zai riga mu isa, kuma mai maɗaba'a ba zai tambayi Goni Kyari dalili ba.

Na shiga gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyarku ta kore ku waje, ta zauna. Ita kaɗai na gaya wa, don na san cikinta rijiya ce.

"To me za ka yi, Malam?"

"Zan nemi kwamiti ya ba ni kujerar."

"Da wane dalili?"

"Zan ce zamani ya canza. Ana son mai aiki da ordinata, kwamfutar nan, mai iya hulɗa da jami'o'i."

Ta gyara zama.

"Ka san sunan da za a kira ka da shi a garin nan?"

"Na sani."

"Ba kai kaɗai za a kira ba. Ni ke zuwa biki, ni ke zuwa gaisuwar mutuwa. Yaran nan su ke zuwa lakol."

"In kin ce kada in yi, sai in sake tunani."

"Ban ce ba. Ina dai so ka san ba kai kaɗai za ka ɗauka ba."

Ta tashi ta rufe tuwon. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, ko da yake ta sha abin da ta faɗa har ya wuce yadda ta zata.

An yi taron a zauren Goni, bayan ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi. Akwai Alhaji Isufu, ɗan kasuwar Damagaram da ke ɗaukar nauyin bugu, da Mushe Lawali mai duba Faransanci, da sauran dattawan kwamiti. Na riga na bi su ɗaya-ɗaya da zancen ordinata da jami'o'i, kuma na ga yadda wasunsu suka karɓa da sauri, abin da ya ƙara mini baƙin ciki, don ashe akwai masu jiran a fara. Abin da na roƙi Allah shi ne Goni ya tashi a rikice ranar, ko da kaɗan, yadda mutane za su gani da idonsu ba tare da na furta ba. Sai ya tashi garau. Ya buɗe taro da addu'a, ya bi maƙalu ɗaya bayan ɗaya, ya kama wani kuskuren nahawu da ya wuce ni. Ban taɓa ganinsa da kaifi irin na ranar ba a duk shekarar. A gaban wannan mutumin na miƙe na ce lokaci ya yi da Malam zai huta.

Goni ya cire tabarau ya ninke.

"Wa zai karɓa?"

Alhaji Isufu ya yi gyaran murya ya ce an yi shawara, an ga Malam Abdu ya dace.

"An yi shawara," in ji Goni. Ya juyo gare ni. "Abdu, na yi wani kuskure ne? In na yi, faɗe shi a gaban mutane, in ji. Haka na koya maka."

Na ji motsin Ya Falmata a bayan ƙofar cikin gida. Na san tana tsaye a wurin.

"Babu kuskure, Malam."

"To kujerar kake so."

Na sunkuyar da kai.

"Da ka roƙe ni, da na ba ka. Ai dama kai na ajiye wa."

Ya miƙe, ya ɗauko hatimin mujalla daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, bai miƙa mini a hannu ba, ya shige gida. Daga ranar bai sake ɗaukar alƙalami ba. Abin da muke nema ya samu ke nan, kuma ban taɓa samun abin da na nema ya yi mini ɗaci haka ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari. Mutanen da na koyar da ƴaƴansu suka riƙa amsa sallamata a taƙaice. A masallaci sai in ga gefena ya yi fili. Masu wa'azin nan ma suka samu abin faɗa, suka ce ga tarbiyyar kalam nan, ɗalibi ya ci malaminsa. Wannan bai dame ni ba, tunda ni suke zagi. Sai Bukar ya iso daga Agadas. Bai shiga gidana ba, ya tsaya a ƙofa ya aika a kira ni. Na fito da hannu a miƙe, ya bar shi a iska.

"Na zauna da Baba jiya. Lafiyarsa ƙalau, ya tambaye ni iyali, ya yi mini addu'a. Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Bukar."

"To faɗa mini dalili. Ni ne fa. In akwai abin da ban sani ba, faɗa mini."

Na dube shi. Kalma ɗaya ta isa. Amma uwarsa ba ta sake ni ba, kuma na san Bukar, zuciya gare shi, da ya ji zai bi gari yana wanke ni, ya tona abin da ake rufewa.

"Ka tambayi Ya," na ce.

"Na tambaye ta, kuka kawai take. Kai ka sa ta kuka. Allah ya isa tsakanina da kai, Abdu."

Ya juya. Ke Hadiza kina leƙe ta bayan zana a ranar, na gan ki.

Na yi ta ƙarfafa kaina da cewa ciwon ba zai ɓoyu har abada ba, ranar da ya fito fili kowa zai gane. Ya Falmata ma ta ce mini in yi haƙuri, idan Bukar ya dawo da Babbar Salla za ta zaunar da shi. Ba ta kai ba. Zazzaɓin ƙarshen damina ya kwantar da ita kwana kaɗan, ta cika. Da babu mai tare shi a ƙofa, Goni ya fara fita. Aka gan shi a kasuwar dabbobi yana tambayar hanyar gidansa. Aka gan shi yana salla yana fuskantar arewa. Ciwon ya fito fili kamar yadda na zata, sai dai abin da gari ya karanta a ciki daban ne. Aka ce baƙin cikin ƙwace masa mujalla ne ya taɓa masa kai. Aka ce mutumin da ya kama kuskuren nahawu ranar taro, ga yadda Abdu ya mayar da shi. Waɗanda suka zauna a zauren suka zama shaidu, kuma ba ƙarya suke ba, abin da suka gani suka faɗa. A lokacin ko da na buɗe baki, wa zai yarda? Takardun sun zama toka, mai shaidata tana kabari. Zai zama na ci kujerar mutum, na dawo ina cin mutuncinsa.

Bukar ya dawo Gure da zama don ya kula da ubansa, ya ce kada in taka gidan. Na kiyaye, sai rana ɗaya da na ji ya tafi Kelle sayen dabbobi. Na shiga da hantsi. Goni na zaune a kan buzu a tsakar gida, ya rame, hularsa a karkace. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Daga ina?"

"Daga nan cikin gari, Malam."

"Madalla. Kana karatu?"

"Ina taɓawa."

"Ka riƙe. Ni ma ina da wani ɗalibi, Abdu. Yaro mai kai." Fuskarsa ta canza. "Ya yi mini wani abu. Na manta ko mene ne. Amma duk lokacin da na tuna sunansa sai nan ya yi mini zafi."

Ya dafa ƙirji. Na gyara masa hular.

"Ka yafe masa, Malam."

"To ai ban san abin da zan yafe ba. In ka gan shi ka ce ya zo ya gaya mini."

Na ce to. Na zauna har ya fara gyangyaɗi, na fita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ranar jana'izarsa na tsaya a sahun baya, da aka zo ɗaukar makara na matsa in sa kafaɗa, Bukar ya dube ni, na ja da baya.

Na riƙe Guga shekaru masu dama. Ta ci gaba da fita, ta shiga ɗakunan karatun jami'o'i, har yau ɗalibai na kafa hujja da rubutun Goni Kyari, kuma babu wanda ya taɓa samun jimla ɗaya da zai jefe shi da ita. Ban ji daɗin kujerar ko na yini guda ba. Da na ga furfura ta cika mini kai, tun ina da sauran ƙarfina, na tara kwamiti na miƙa hatimin a hannun wata malamar jami'a daga Damagaram, wadda ta fi ni sanin fannin, na dawo gida.

Ba na ce muku Ya Falmata ta yi kuskure ba. Mace ce da ta so mijinta, ta kuma san garinta. Ba na kuma so ku riƙe Baba Bukar a zuciya. Yana nan da ransa, ya tsufa kamar ni, muna haɗuwa a masallacin Juma'a kowa ya kalli gabansa. Abin da ya gani da idonsa ya yi hukunci da shi, kuma da ni ne a matsayinsa da haka zan yi. In kun haɗu da shi ku durƙusa ku gaishe shi, ko bai amsa ba. Wannan rubutun in kun ga dama ku kai masa bayan raina, in kun ga zai fi masa sauƙi ya ƙarasa kwanansa yana ganin laifina, ku bar shi.

Abu ɗaya nake roƙonku. Kwanan baya na tambayi ɗan'uwanku Sani ko ya kai awaki wurin makiyayi, ya ce ya kai, can an jima na sake tambayarsa, na ga yadda ya dubi ƴar'uwarsa. Wataƙila gajiya ce. In kuma ba ita ba ce, kada ku ja kowa bayan rumbu. Ku fita ƙofar gida ku gaya wa maƙwabta, ku gaya wa liman, ku ce Malam Abdu ya fara mantuwa, a riƙa nuna masa hanya. Na yafe muku kunyar tun yanzu, da sauran hankalina a jikina.